Tsawon Sarƙa Da Narkewa A Ruwa: Nasiha Ga Ƙannena Masu Karatun Kimiyya

Ƙannena maza da mata masu karatun kimiyya a Dutse da Kiyawa da Jahun da Taura da Kafin Hausa, da ku nake son magana, musamman 'yan aji biyar da aji shida na sakandare waɗanda WAEC da NECO da JAMB ke jira, da waɗanda suka tsallake suka shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa.

Akwai layi ɗaya a darasin kemistiri da kusan kowannenku ya haddace: narkewar alkohol a ruwa tana raguwa gwargwadon yadda sarƙar kabon ɗinsa ke ƙara tsawo. Layin daidai ne, babu gyara. Amma a tsayar da ɗalibin da ya rero shi babu tuntuɓe, a ce masa: "To, heksanol kabon shida gare shi, da ƙyar yake shiga ruwa. Gulukos ɗin da ke cikin dabinon Dutse shi ma kabon shida ne, ga shi yana narkewa tun a baki. Yaya aka yi?" Sai ka ga an sunkuyar da kai ana sosa ƙeya.

Mu mutanen hadda ne, kuma wannan abin alfahari ne. Duk wanda ya tashi da allo ya san darajar riƙe karatu a ka. Sai dai mai tsara jarrabawa ya san abin da kuka haddace, shi ya sa yake murɗa tambayar. Kasuwa kuwa ta fi shi rashin tausayi, don ita ba ta rubuto tambaya a takarda, kwalba take miƙo maka babu ko suna a jikinta. Saboda haka abin da nake roƙonku shi ne ku bi wannan layi har ku isa ga dalilinsa. Dalilin ba shi da tsawo, kuma wanda ya kama shi zai iya amsa tambayoyin da bai taɓa gani ba.

Mu fara share hanya. Alkohol dangi ne babba, littattafanku irin na Ababio suna kiran su alkanol. Etanol, wanda ke cikin giya, ɗa ɗaya ne kawai a cikin gidan, kuma hukuncin shansa sananne ne a wajenmu. Abin da ya haɗa dangin shi ne kowannensu yana da ƙwayar oksijin da ta haidirojin a haɗe, wato OH, maƙale a jikin kabon. Ragowar jikin kuwa sarƙa ce ta kabon da haidirojin zalla. Metanol kabon ɗaya ne, CH3OH. Etanol biyu, C2H5OH. Furofanol uku, butanol huɗu, fentanol biyar, heksanol shida, haka har sama. Kan, wato OH, iri ɗaya ne a wajen kowa, jelar kabon ce ke bambanta.

Kafin ku gane wanda ruwa ke karɓa, sai kun san halin ruwan kansa. A cikin H2O, oksijin ya fi haidirojin ƙarfin jan ilektiron, don haka ɓangarensa yana ɗauke da ɗan caji negatif, ɓangaren haidirojin ɗin kuma ɗan caji fozitif. Sai haidirojin na wannan ƙwayar ruwa ya jingina da oksijin na maƙwabciyarta. Wannan shi ne ɗaurin haidirojin, kuma ƙwayar ruwa ɗaya tana iya riƙe har huɗu a lokaci guda. Idan kuna son sanin ƙarfin wannan riƙo, ku dubi iskar metan, CH4. Nauyinta 16, na ruwa 18, kusan ɗaya ke nan. Amma metan tana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai digiri 100. Wannan tazara mai nisa ɗaurin haidirojin ne ya kawo ta.

Duk abin da zai narke a ruwa, dole ya buɗa wa kansa gurbi a tsakanin ƙwayoyin da suka riƙe juna haka. Buɗa gurbi asara ce ga ruwa. Kan alkohol, OH ɗin nan, yana biyan asarar, domin shi ma yana ƙulla ɗaurin haidirojin da ruwa. Jelar kabon kuwa ba ta da cajin da za ta ƙulla komai. Wuri kawai take ci, ta kuma tilasta wa ƙwayoyin ruwan da ke kewaye da ita su takura cikin wani tsari don kada riƙonsu ya kwance.

Ku ɗauka a tashar mota kuke ranar kasuwar Shuwarin. Kuɗin motar da ke hannun kowane fasinja ɗaya ne, kaya ne suka bambanta. Mai 'yar leda a hannu zai shige babu magana. Mai jaka ma haka. Mai buhu guda sai an yi ciniki, a ɗauki wani a bar wani. Wanda ya zo da buhu takwas yana miƙa kuɗin kujera ɗaya kuwa, ɗan kamasho ba zai ko dube shi ba. OH shi ne kuɗin motar, sarƙar kabon ita ce kayan.

Yanzu ku dubi alƙaluman da idon da ya san dalili. Metanol da etanol da furofanol suna garwayuwa da ruwa ko nawa aka zuba, ba su da iyaka. Daga butanol labari ke sauyawa: giram 7 zuwa 8 kawai ke narkewa a giram 100 na ruwa a zafin ɗaki, abin da ya ƙaru sai ya taso sama ya yi nasa layin. Fentanol giram 2 da 'yar ɗoriya. Heksanol kamar giram 0.6. Heftanol bai kai 0.2 ba. Oktanol, mai kabon takwas, kusan 0.05, ledar fiyawota guda ba za ta narkar da ko rabin giram nasa ba. Ku lura da yadda ake gangarowa: duk kabon ɗaya da aka ƙara, narkewar tana komawa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na wadda ta gabace ta. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddace jadawali; lamba ɗaya ta ishe shi ya kintaci sauran.

Daga nan kuma tambayoyin tarko suke zama wasa. Butanol kala huɗu ne, dukkansu C4H9OH. Mai miƙaƙƙiyar sarƙa shi ne na giram 7 zuwa 8. Amma wanda kabon ukunsa suka taru a jikin kabon na tsakiya, wato butanol mai daraja ta uku, yana garwayuwa da ruwa gaba ɗaya kamar etanol. Kayan ba su ragu ba, an dai ɗaure su dunƙule, gurbin da suke ci a cikin ruwa ya ƙanƙance. Giliserin kuma, wanda ake shafawa da hunturu don kada fata ta tsage, kabon uku gare shi da OH uku. Kowane kabon ya zo da kuɗin kujerarsa. Shi ya sa yake son ruwa har yana jawo laima daga iska ya riƙe ta a jikin fata. Gulukos ɗin da ya ɗaure wa ɗalibinmu kai yana da OH biyar a kan kabon shida, don haka kusan giram 90 nasa ke narkewa a giram 100 na ruwa, ya ninka heksanol fiye da sau ɗari. Sukarin shayi kabon 12 ne da OH takwas, kuma ruwa yana ɗaukar ninki biyu na nauyinsa na sukari. Ashe ƙirga kabon kaɗai bai wadatar ba. Sai an ƙirga OH, a kuma dubi yadda sarƙar ta kwanta.

Wuri ɗaya da ɗalibai ke yawan zamewa shi ne tafasa. Narkewa tana sauka, amma zafin tafasa hawa yake yi: metanol digiri 65, etanol 78, furofanol 97, butanol 118. Doguwar sarƙa tana manne wa 'yar uwarta sarƙa sosai, don haka raba su da wuta ya fi wuya. Wannan mannewar ma tana cikin abin da ke hana ta sakin 'yan uwanta ta shiga ruwa. Tambayoyi biyu ne daban, kada ku ba su amsa ɗaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan darasi shi ne a madafin gidanku ake yin sa kullum. Jigawa ƙasar zoɓo ce da riɗi. Ku jefa zoɓo a ruwan zafi, nan take ya yi ja, domin sinadarin launinsa cike yake da OH, har da sukari a maƙale a jikinsa. Ku zuba man riɗi a wannan ruwan, ko kun kwana kuna juyawa zai taso, domin sarƙoƙinsa masu kabon 16 da 18 ne. Jan manja ma daban yake da jan zoɓo: nasa launin daga karotin yake, kabon 40 babu OH ko ɗaya, shi ya sa a tukunyar miya jan yake bin mai ya kwanta a sama. Yajin barkono kuma, da ya kama harshe ka kwankwaɗi ruwa a banza, domin sinadarin da ke kawo zafin mai doguwar jela ne, ba ya bin ruwa. Kurɓin nono ya fi kofi uku na ruwa aiki a nan.

Har asibiti dokar take bi. Bitamin A shi kansa alkohol ne, kabon 20 da OH ɗaya tal. Kun riga kun san hukuncinsa: ruwa ba zai ɗauke shi ba, sai mai. Shi ya sa 'yan ƙwayoyin nan ja da shuɗi da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki mai ne a cikinsu, kuma shi ya sa ake bayar da su bayan wata shida-shida, don hanta tana ajiye shi. Bitamin C kuwa ƙarami ne mai OH da yawa, rarar da jiki bai yi amfani da ita ba tana fita a fitsari, don haka kullum ake bukatarsa. Iyayenmu mata da ke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ba su karanta wannan ba, amma daidai suke yi, domin karotin ɗin ganyen, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, ya fi shiga jiki idan da mai a tare.

'Yan mata, ga taku. Sau da yawa kukan duba bayan robar man shafawa ku ga an rubuta sitil alkohol ko sitiyaril alkohol, gabanku ya faɗi. Na farkon kabon 16 gare shi, na biyun 18. Farin abu ne mai kama da kakin zuma, daskararre a zafin ɗaki, ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma bugarwa. Aikinsa ya ba man kauri da santsi. Turaren fesawa shi ne mai etanol da gaske, kuma dalilin sa shi a ciki shi ne jelarsa gajera ce: tana iya riƙe man ƙamshi ta wannan gefe, kansa ya riƙe ruwa ta wancan. In an yi wa turaren algus da ruwa da yawa sai ya yi fari kamar madara, don etanol ɗin ya koma wajen ruwa ya saki man, man ya watse ƙanana-ƙanana. Kusan haka ne ke faruwa idan an ɗiga Dettol a bokitin wanka. Hukuncin salla da irin wannan turare na malamai ne, ba nawa ba. Naku aikin shi ne idan malam ya tambaye ku me ke cikin kwalbar, ku ba shi bayani na gaskiya, kada ku haɗa masa sitil da etanol a buhu ɗaya.

Sabulu kuwa wayo ne aka yi wa wannan doka. An bar jelar da tsawonta don ta kama maiƙo, aka sauya mata kai mai cikakken caji wanda ya fi OH ƙarfi nesa ba kusa ba. Jela ta nutse cikin dauɗa, kai ya riƙe ruwa, ɗauraya ta tafi da su duka. Mai dafa sabulun salo da ruwan toka da mai wannan aikin take yi.

Yanzu bari in zo inda maganar ta daina zama ta maki. Gajerun 'yan gidan nan, da yake suna ɓacewa cikin ruwa babu alama, su ne suka fi haɗari. Metanol da etanol kamarsu ɗaya a ido, warinsu ma kusan ɗaya. Amma hanta tana mayar da metanol guba mai kashe jijiyar gani. Ɗan kaɗan yana makantarwa, ƙari kaɗan ya kashe. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan wasu gommai a Jihar Ribas, bayan shan ogogoro mai metanol. Kada ku ce wannan matsalar mashaya ce, ba ta shafe mu ba. Sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis don goge rauni, da gangan ake zuba masa metanol don kada a sha. In aka juye shi a gorar ruwa aka ajiye a ɗaki, yaro ba zai bambance ba. Haka man tsabtace hannu da ya cika gari a 2020 lokacin korona. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne etanol kashi 80 cikin ɗari ko aisofurofanol kashi 75, da ɗan giliserin don kada hannu ya bushe. A wasu ƙasashe an kama waɗanda suka sa metanol a madadinsu don ya fi araha. Kwalbar da ba ta da suna da lambar NAFDAC, ku bar ta a inda kuka gan ta.

Wanda ya fi ciwo shi ne na jarirai. Maganin ruwa na yara yana bukatar abin da zai narkar da ƙwayar maganin ya kuma garwayu da ruwa, don haka ake amfani da giliserin ko furofilin gilaikol, masu OH fiye da ɗaya. Suna da wani ɗan uwa, dayetilin gilaikol, shi ma OH biyu, shi ma mai kauri da ɗan zaƙi, shi ma yana shiga ruwa sumul, ga araha. Amma yana kashe ƙoda. Shi aka samu a maganin haƙorin yara na My Pikin a ƙarshen 2008, yara 84 suka rasu a Najeriya. A 2022 irin haka ta sake faruwa a Gambiya da maganin tari, yara kusan 70. Narkewa iri ɗaya ba ta nufin lafiya iri ɗaya, kuma babu harshe ko hancin da zai raba su, sai ɗakin gwaji da wanda ya san aikinsa. Cikinku ne za a sami masu wannan aiki.

Masu babura ma sun ɗanɗana. A Fabrairun 2022 aka gano fetur mai metanol fiye da ƙima wanda aka shigo da shi daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam. Janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a gidajen mai na makonni, ababen hawa da dama kuma suka lalace. Ku da kuka san doka za ku iya bayyana wani ɓangare na abin da ya faru: metanol jelarsa kabon ɗaya ce, zamansa cikin fetur na dole ne. Da ya sami 'yar laima sai ya kama ta, su ware su kwanta a gindin tanki, inda injin ke zuƙa. Shi ya sa masu binciken makamashi ke sha'awar butanol, wanda jelarsa ta isa ta zauna lafiya da fetur.

Fetur kansa sarƙa ce zalla babu OH, ga shi bai kai ruwa nauyi ba, don haka kullum a sama yake. Wanda ya watsa wa wutar fetur ruwa ya ba ta abin hawa ne, za ta bi ruwan duk inda ya gangara. Ƙaramar wuta yashi ake zuba mata ko a rufe ta. Haka ma man suya idan ya kama a kasko. Babba kuwa gudu ake yi a kira 'yan kwana-kwana. Ba mu manta daren Majiya a ƙaramar hukumar Taura ba, cikin Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi, fetur ya malala a kwata, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk inda kuka ga man fetur ya zube, ku ja na kusa da ku ku yi nisa, ko da za a ce muku matsorata.

Ga waɗanda za su ci gaba da kemistiri ko haɗa magunguna a jami'a, ku sani wannan ƙaramin darasi ba ya ƙarewa a aji shida. Oktanol ɗin nan da ruwa ya ƙi, shi masu ƙirƙirar magani suka mayar ma'auni. Sukan zuba shi da ruwa a kwalba ɗaya, su sa sabon magani, su girgiza, su auna nawa ya tafi sama nawa ya zauna ƙasa. Corwin Hansch da Toshio Fujita ne suka kafa wannan hanya a 1964, har yau ana amfani da ita. Maganin da ya cika son ruwa ba zai ratsa fatar ƙwayoyin jiki ba, don ita maiƙo ce. Wanda ya cika son mai kuma jini ba zai ɗauke shi ba. Tsaka-tsaki ake nema.

Abu na ƙarshe, ku nemi ku gani da idonku. Ku je wajen malaminku na kemistiri cikin ladabi ku ce, "Malam, don Allah a nuna mana wannan a ɗakin gwaji." Ba ya bukatar kaya masu tsada: etanol, butanol idan akwai, man gyaɗa, kananzir, ruwa da 'yan kwalabe. Ku auna mililita 50 na etanol da 50 na ruwa ku haɗa. Za ku sami kusan 96 maimakon 100, kwalbar kuma ta ɗan yi ɗumi, don ƙwayoyin sun matsu da juna. Kafin a zuba kowane abu, kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa, sannan a zuba. Ku yi shi nesa da wuta, a buɗe tagogi, kada kowa ya kai komai baki. Malamai kuma, don Allah idan yaran nan sun zo da wannan roƙo, a buɗe musu ɗakin gwajin.